NAZARI: Kuɗi sun shigo dambe, amma ɗan damben karkarar Kano bai samu sana'a ba tukuna

Tsakanin yankan gero a watan Satumba da girbin dawa a ƙarshen shekara, ƙauyukan arewacin Kano kan sauya kama. Aikin gona yana raguwa, 'yan kuɗi na shiga hannun manoma, bukukuwan aure na yawaita, da la'asar kuma kalangu na kiran samari zuwa fage. Daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Makoɗa zuwa Tsanyawa, kaka ce lokacin dambe tun zamanin da mahauta ke bin garuruwa suna fawa da rana, suna sa zare da yamma.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne inda karawar ke ƙarewa. A da, damben da aka yi a fage a nan yake mutuwa, sai abin da makaɗi ya adana a waƙa da abin da 'yan kallo suka riƙe a ka. Yau kuwa, kafin ƙura ta lafa bidiyon ya isa YouTube da Facebook da TikTok, ana kallonsa a ƙasashen da ba a jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Kamfanoni sun shigo, an ƙirƙiri gasanni masu kambu, tashoshin ƙetare sun fara nuna sha'awa.

Shigowar kuɗi dabam, samuwar sana'a dabam. Sana'ar wasa ita ce wadda mutum zai yi shekara goma ko goma sha biyar a cikinta, ya ji rauni ya warke ya dawo, a san abin da ya ci da abin da aka ci shi, ya kuma fita da lafiyarsa da ɗan abin hannunsa. Har yanzu ɗan damben karkarar Kano bai da wannan. Idan aka bari kasuwar ta kafu kafin a shimfiɗa ƙa'ida, zai yi wuya ya same ta daga baya.

Ƙasar da ke haifar da 'yan dambe

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano na daga cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yankin, ya nuna yadda ake noma kusan kowane taku na ƙasa shekara bayan shekara ba tare da an bar gona ta huta ba, ana riƙe ta da takin dabbobi da sharar birni. Jama'a sun ninka tun daga lokacin, gona kuwa ba ta ƙaru ba. Duk rabon gado sai ya ƙara tsaga ta, har ta kai saurayi na iya gadon filin da ba zai ciyar da shi wata shida ba.

Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce wata huɗu ba. In ban da masu filin noman rani a gefen madatsun ruwa irin su Tomas da Watari, sauran matasa na da kusan wata takwas da babu aikin gona. Wasu kan tafi ci-rani Legas ko Abuja ko Fatakwal. Wasu kan yi dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, wasu su hau babur ko su karɓi adaidaita sahu. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ribar waɗannan ƙananan sana'o'i ta ƙara tsukewa, kuɗin mota zuwa Kudu ma ya zama jari.

A irin wannan hali, dambe na ba saurayi mai ƙarfi abin da dako ba zai ba shi ba: suna. Ranar da ya yi kisa mai kyau, za a yi masa liƙin da ya fi abin da zai samu a mako guda yana ɗaukar buhu, makaɗi ya kama sunansa, yaran unguwa su raka shi gida. Dambe ya daɗe da fita daga hannun mahauta kaɗai. Manomi da makanike da ɗan acaɓa duk suna naɗa hannu, kuma mafi yawansu na kallon fagen a matsayin wata hanyar ci-rani.

Yadda tafiyar take

Ɗan dambe kan fara ne tun yana yaro, a karawar share fage da ake yi kafin manya su shigo. Idan aka ga alamar hannu, wani babba zai ja shi jiki. Daga nan sunan fage ke fitowa: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Sunan na nuna gidan da ya rene shi, kuma da shi zai shiga ɗaya daga ɓangarori uku da suka raba fagen, wato Arewa da ake wa laƙabi da Jamus, da Kudu, da Guramaɗa.

Mataki na gaba shi ne gidajen dambe na dindindin, irin na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari a Kano, ko gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ko na Marabar Nyanya a jihar Nasarawa. A nan ake karɓar kuɗin ƙofa, a sallami 'yan wasa daga ciki, sauran kuma ya dogara da liƙin 'yan kallo da kyautar masu gida. Lokaci-lokaci wani attajiri ko ɗan siyasa kan sa babur ko mota, a yi gasa ta kwanaki, mutum ɗaya ya tafi da kyautar.

Ƙa'idar wasan a fili take. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da zare, ɗayan ya zama garkuwa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, in kuma babu wanda ya faɗi sai a tashi babu kisa. Abin da ba shi da ƙa'ida shi ne duk abin da ke wajen turmin. A damben ƙauye da yawancin gidajen dambe, girma da suna ake dubawa wajen haɗa abokan karawa, sikeli bai shigo ba. Wanda aka sumar yau zai iya naɗa hannu jibi a wani gari, domin babu takardar da ke bin sa. Idan hannu ya karye, mai ɗori ne matakin farko, asibitin ƙashi na Dala kuwa sai in wani mai hali ya ɗauki nauyi.

Ƙarshen tafiyar ma babu wanda ke sanar da shi. Ƙarfi ya ragu, yara sun taso, liƙi ya ja baya, sai mutum ya koma gona ko fawa. Waɗanda suka yi sa'a kan zama alƙalan wasa ko sarakunan dambe. Ana tuna Shago har gobe ne saboda Ɗan'anace ya yi masa waƙa. Ɗaruruwan da suka yi zamani da shi ba su bar ko jerin wasanninsu ba.

Shekara 16 tsakanin faɗuwa da zinare

Domin a ga abin da ya ɓace a wannan tafiya, yana da amfani a dubi wani wasa mai hatsari da ke nesa da Kano ƙwarai: tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara. A wannan tsere, 'yan wasa huɗu, wani lokaci shida, kan ɗaure ƙafafunsu biyu a kan allo guda, su gangaro daga tsauni a lokaci ɗaya, ta hanya mai kwana-kwana da tudun tsalle. Suna gogar juna, suna faɗuwa, wanda ya riga isa ƙasa shi ya ci. Kamar dambe, kuskuren daƙiƙa ɗaya na iya rusa shirin shekara, kuma karaya da buguwar kai ba baƙin abu ba ne.

An fara saka wannan tsere a gasar Olamfik ta hunturu a 2006, a birnin Turin na Italiya. A wasan ƙarshe na mata, Ba'amurkiya Lindsey Jacobellis, mai shekara 20, ta ba sauran tazara mai yawa. Saura tsalle biyu ta gama, sai ta kamo gefen allonta a sama don burge 'yan kallo. Ta sauka ba daidai ba, ta faɗi, Tanja Frieden ta Suwizalan ta wuce ta. Zinaren da ke hannunta ya koma azurfa, ta kuma zama abin misali a ƙasarta duk lokacin da ake maganar wanda ya yi murna kafin ya gama.

Ta koma Olamfik a Kanada a 2010, aka fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. A farkon 2012 jijiyar gwiwarta ta tsinke, aka yi mata aiki, ta daɗe tana jinya. A Rasha a 2014 ta sake faɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe alhali tana gaba. A Koriya ta Kudu a 2018 ta zo ta huɗu. Sai a ranar 9 ga Fabrairun 2022, a gasar da aka yi a Sin, ta ci zinare tana da shekara 36. Bayan kwana uku ta ƙara wani a tseren haɗin gwiwa na mace da namiji, tare da Nick Baumgartner mai shekara 40.

Labarin Baumgartner ya fi kusa da na matasan Bichi. Mutumin wani ƙaramin gari ne a jihar Mishigan, kuma ya shafe shekaru yana aikin zuba kankare a lokacin zafi don ya tara abin da zai riƙe shi a lokacin gasa. Shi ma shekararsa kashi biyu ce, lokacin neman abinci da lokacin fage, kamar manomin da ke noma da damina ya yi dambe da rani.

Abin da ya riƙe su

An fi ba da labarin Jacobellis a matsayin darasin haƙuri da naci, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai haƙuri kaɗai ba ya ɗinke jijiyar gwiwa. Akwai abubuwa huɗu da suka sa faɗuwar 2006 ba ta zama ƙarshenta ba.

Na farko, kundin sakamako. Hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, wadda aka kafa tun 1924, na rubuta kowace gasa da makin kowane ɗan wasa. Duk da ba'ar da aka yi mata, kundin ya nuna ta zama zakarar duniya sau biyar, a 2005 da 2007 da 2011 da 2015 da 2017, ta kuma ci zinare goma a gasar X Games. Da wannan shaida ake zaɓen ɗan wasa, da ita yake ciniki da masu talla.

Na biyu, jadawali. Akwai zagayen gasar kofin duniya duk hunturu, gasar zakarun duniya duk shekara biyu, Olamfik duk shekara huɗu. Ɗan wasa ya san yaushe zai yi atisaye, yaushe zai huta, yaushe zai koma aikin kankare.

Na uku, lafiya. Hular kwano dole ce, likitoci na wurin gasa, wanda ya bugu a kai ba ya komawa sai an duba shi. Manyan 'yan wasan Amurka na da inshorar lafiya ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasar.

Na huɗu, rubutacciyar yarjejeniya. An san ladan kowace nasara tun kafin a fara. Kwamitin Olamfik na Amurka ya biya dala 37,500 kan kowane zinare a 2022. Abin lura shi ne wannan kwamiti ba ya karɓar kasafin shekara-shekara daga gwamnatin tarayyar ƙasar. Daga tallace-tallace da haƙƙin nuna wasa da gudummawa yake samun kuɗi. Ke nan tsarin ne ya fi muhimmanci a kan aljihun da kuɗin ya fito.

Babu ɗaya daga cikin huɗun da ke buƙatar dusar ƙanƙara. Kuma babu ɗaya da ɗan damben da ke yawo tsakanin Ɗambatta da Dei-Dei zai ce ya mallaka a cike.

Sabon kuɗi, tsohuwar yarjejeniyar baka

A 2017 wasu matasa biyu, Chidi Anyina da Anthony Okeleke, suka fara ɗaukar dambe suna sakawa a YouTube da sunan Dambe Warriors, kallo ya kai miliyoyi, daga bisani abin ya zama gasa mai rukunin nauyi. Wani kamfanin, African Warriors Fighting Championship, wanda Maxwell Kalu ya kafa, ya bi sahu da nasa gasanni, kuma a 2025 ya ƙulla yarjejeniya da DAZN, tashar wasanni ta intanet da ke nuna damben zamani a faɗin duniya.

Waɗannan kamfanoni sun kawo gyara na gaske. A wasanninsu ana auna nauyi, ana ƙayyade lokacin turmi, ana kawo ma'aikatan lafiya, ana biyan lada da aka sani. Sun kuma fitar da sunayen 'yan wasa irin su Ali Ƙanin Bello da Dogo Mai Takwasara zuwa inda kalangu ba zai kai su ba. Adalci ne a faɗi haka.

Matsalar ita ce gyaran na tsayawa a bakin ƙofar kamfani. 'Yan wasa kaɗan ne ke shiga irin waɗannan gasanni, kuma su ɗin ma a sauran kwanakin shekara suna komawa gidajen dambe inda tsohon tsari ke aiki. Kowane kamfani na riƙe da lissafin nasa 'yan wasa, babu kundi ɗaya da ya haɗa duka. Ɗan wasan da likitan kamfani ya hana shi wasa ranar Asabar zai iya sa zare ranar Litinin a wani fage, domin hanin bai da ƙarfin doka a wajen.

Sai batun hoto. Bidiyon kisa ɗaya na iya ci gaba da kawo kuɗin talla shekaru bayan an yi shi. A fagen ƙauye da gidajen dambe, duk mai waya na ɗauka ya saka a shafinsa, ɗan wasan da aka yi wa kisan ko ya yi kisan ba ya ganin ko kwabo. Inda ake da takarda kuma, yawanci da Turanci take, alhali da yawa daga 'yan wasan ba su yi nisa a boko ba, kuma ba su da ƙungiyar ƙwadago ko lauya da zai karanta musu. Ba sai an zargi kowa da cuta ba kafin a gane cewa cinikin da ɓangare ɗaya ne kawai ya san darajar hajar ba ya zama daidai.

Amurka ta sha wannan darasi a damben zamani. Sai da aka shafe shekaru masu shirya wasa na azurta kansu, zakaru na tsufa cikin talauci, kafin majalisar ƙasar ta yi dokar kare lafiyar 'yan dambe a 1996, ta kuma ƙara da dokar da aka sa wa sunan Muhammad Ali a 2000, wadda ta tilasta bayyana wa ɗan wasa abin da mai shirya wasa ke samu, ta kuma taƙaita yarjejeniyoyin danniya. Illar yawan bugu a kai kuwa likitoci sun bayyana ta tun 1928, lokacin da Harrison Martland ya rubuta yadda tsofaffin 'yan dambe ke fama da rawar jiki da nauyin baki da mantuwa.

Darasin maƙwabta

Ba sai an je Amurka ba. Daga Kano zuwa Maraɗi tafiyar yini guda ce, kuma a can kokawa ta samu abin da dambe bai samu ba. Tun 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, Nijar ke shirya gasar takobin ƙasa. An yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin. Yanzu kowace jiha cikin takwas na tace 'yan kokawa goma daga matakin ƙasa, jihohin na karɓar baƙuncin gasar bi da bi, kowace da filin kokawarta, rediyo da talabijin na ƙasa na watsawa kai tsaye.

Saboda haka ne duk yaron Nijar zai iya faɗa maka cewa Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka na Dosso, ya ɗauki takobi sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Akwai hanya sananniya daga filin ƙauye zuwa takobi, akwai kuma tarihin da ba ya dogara da ƙwaƙwalwar makaɗi. Tsarin na da rauninsa: ya dogara da gwamnati sosai, kuma gasar kwana goma ba ta ciyar da 'yan kokawa 80 tsawon shekara. Duk da haka ya nuna cewa wasan gargajiya na iya samun tsari ba tare da ya rasa kiɗansa da kirarinsa ba.

Senegal ta bi wata hanyar. A can 'yan kasuwa ne ke shirya kokawar da ake haɗawa da naushi, su ke biyan manyan 'yan wasa irin su Modou Lô da Balla Gaye 2 miliyoyin sefa. Amma a 1994 gwamnati ta kafa kwamitin ƙasa domin ba da lasisi ga 'yan wasa da masu shirya wasa, da kuma hukunta wanda ya saɓa ƙa'ida. A 2018 aka buɗe babban filin kokawa na ƙasa a Pikine. Kasuwa na kawo kuɗi, hukuma na riƙe da alƙalami. Wannan fasali ya fi dacewa da inda dambe ya dosa.

Dalilan masu shakka

Akwai masu ganin shigar hukuma cikin dambe ɓarna za ta kawo, kuma hujjarsu ba ta da rauni. Tarihin hukumomin wasanni a Najeriya bai ba da ƙwarin gwiwa ba. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da ƙa'ida ta tanada ba. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma wakiltar Amurka, ta ci azurfa a Faris a 2024. A Faris ɗin ne kuma aka kasa shigar da sunan Favour Ofili a tseren mita 100 duk da ta cancanta, tawagar Najeriya ta dawo ba lambar yabo ko ɗaya. A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni, ya miƙa aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Mai gidan dambe na da dalilin tambayar abin da irin wannan tsari zai ƙara masa ban da haraji da cin hanci.

Dambe na cikin wasannin gargajiya da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa, tare da kokawa da langa. Amma taron da ake yi duk bayan shekara biyu, wanda sau da yawa ake ɗagewa, ba ya gina sana'a. A kan tattaro 'yan wasa gab da biki, a sallame su bayansa.

Akwai kuma malamai da iyaye da ke ƙyamar dambe gaba ɗaya, saboda dukan fuska, da layu da tsafe-tsafen da wasu ke yi, da caca da shaye-shayen da kan raɓi wasu fagage. A wurinsu, ba wasan lasisi tamkar amincewa da shi ne. Amsar ita ce dambe na gudana ko da lasisi ko babu, kuma rashin ƙa'ida bai taɓa rage yawan masu naɗa hannu ba. Abin da ya rage shi ne kariyar da suke samu. Ƙa'idar da za ta hana yaro ɗan shekara 13 karawa da wanda ya girme shi, ta kori mai sayar da ƙwaya daga bakin fage, ta fi kusa da abin da malaman ke nema a kan halin da ake ciki.

Tsoro na uku shi ne kada tsari ya kashe damben kaka, wanda ba a sayar da tikiti, wanda kuma shi ne tushen komai. Wannan tsoro na nuna inda ya kamata a ja layi. Fagen da ba a karɓar kuɗin ƙofa ba ya buƙatar lasisi. Inda ake yankar tikiti ko ake ɗaukar bidiyo don kasuwanci, nan ne haƙƙi ya hau kan mai shiryawa.

Abin da ke hannun Kano

Jihar Kano ba ta buƙatar jiran Abuja. Tana da hukumar wasanni, tana da majalisar dokoki, tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da aka kafa bisa dokar 2016, kuma dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta riga ta wajabta inshora ga kowa. Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan da fagen dambe.

Mafi sauƙi kuma mafi muhimmanci shi ne katin ɗan wasa. Duk wanda zai sa zare a fagen kuɗi ya kasance yana da kati mai ɗauke da shekarunsa da nauyinsa da sakamakon wasanninsa da ranar da aka sumar da shi. A damben zamani, wanda aka sumar kan huta aƙalla kwana 30. Idan gidajen dambe na Kano suka amince da kati ɗaya, hanin zai yi aiki, kuma ɗan wasa zai samu shaidar da zai yi ciniki da ita. Sarakunan dambe da shugabannin ɓangarori uku su ne suka san kowa, don haka da su za a yi rajistar, in ba haka ba za ta tsaya a kan takarda.

Na biye shi ne a ware wani kaso na kuɗin ƙofa don biya wa masu kati inshorar lafiya, a kuma wajabta ma'aikacin lafiya a duk fagen da ake yankar tikiti. Sai yarjejeniya: kowace takarda da ɗan wasa zai sa wa hannu ta kasance da Hausa, a karanta masa a gaban shaida, ta fayyace ladan wasa da rabonsa a bidiyo da tsawon wa'adinta.

Ƙananan hukumomi na da nasu rabon. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, duk da aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Gasar kaka daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa shiyya, zuwa jiha, a ranakun da aka sani duk shekara, ba ta kai tsadar rabon kayan tallafi na yini ɗaya ba. Jadawalin da ya fara bayan girbin dawa ya ƙare kafin azumi ko kafin sharar gona zai dace da rayuwar manomi. Shiyyar Kano ta Arewa mai ƙananan hukumomi 13, wadda Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin ke wakilta, ta isa wurin gwaji.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma bisa al'ada fagagen dambe za su ga 'yan takara. Za a sa babura, za a yi liƙi, makaɗa za su kama sunayen masu neman kujera. Babur na mutum ɗaya ne, yakan kuma ƙare a hannun dillali ranar da jinya ta taso. Matasan da ke cika waɗannan fagage su ne masu ƙuri'a mafi yawa a yankin, kuma suna da damar tambayar duk wanda ya zo da mukullin babur ko zai goyi bayan dokar kati da inshora a majalisar jiha. Kamfanoni na tsara yarjejeniyoyinsu tun yanzu. Duk kakar da ta wuce ba tare da ƙa'ida ba, wani rukunin samari ne zai shiga fage ya fita babu kundi, babu inshora, babu rabo a hotonsa.